Ƙididdigar Masu Aiki a Nijeriya: A Wane Layi Aka Sa Mu?

(Jawabin da kwamitin ilmi da sana'o'i ya gabatar a taron ƙungiya, unguwar Hausari, Maiduguri)



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, da samarinmu, muna yi wa kowa barka da zuwa. Mun san wasu sun rufe rumfa, wasu sun ajiye keke kafin su zo nan, saboda haka ba za mu tsawaita ba.

Abin da ya sa aka ɗora mana wannan magana shi ne gardamar da ta daɗe tana tashi a majalisunmu. Wani ya ji a rediyo an ce cikin kowane mutum uku masu iya aiki a Nijeriya, ɗaya ba shi da aikin yi. Bayan shekara biyu da 'yan watanni sai wani ya ji an ce ai mutum huɗu ko biyar ne kacal cikin ɗari. Duka maganganun biyu kuwa daga ofis ɗaya suka fito, watau Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Abuja, wadda ake kira NBS. Sai jama'a suka ce to wanne za mu kama? Wasu ma suka ce ƙarya ce kawai ta gwamnati. Mu dai mun zauna mun duba rahotannin, kuma ga abin da muka fahimta.

A rahoton watanni uku na ƙarshen shekarar 2020, hukumar ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A watan Agusta na 2023 ta fito da sabon rahoto, ta ce a watanni uku na farkon 2023 kashi 4.1 ne. A tsakiyar 2024 kuma ta ce kashi 4.3. Jama'a, ko akwai wanda ya ga an buɗe masana'antu a tsakanin nan da za su kwashe miliyoyin mutane? Babu. Mudun awon ne aka canza, ba hatsin ne ya ƙaru ba.

A tsohon awo, sai mutum ya yi aikin awa 40 a mako ake cewa yana da cikakken aiki. Mai awa 20 zuwa 39 ana cewa yana da aiki amma bai ishe shi ba. Wanda bai kai awa 20 ba, da marasa aiki ake lissafa shi. A sabon awo kuwa, in ka yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce, aikin da aka biya ka ko ka ci riba, to kai mai aiki ne. Ba a kiranka marar aiki sai ka cika sharaɗi uku: ba ka yi ko awa ɗayan ba, kana neman aiki, kuma a shirye kake ka kama in an ba ka. Wannan shi ne ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ƙasashe da yawa ke bi, kuma dalilin hukumar shi ne a iya gwada Nijeriya da sauran ƙasashe. Sai dai ko Dokta Yemi Kale, wanda ya shugabanci hukumar daga 2011 zuwa 2021, ya fito ya nuna rashin gamsuwarsa, bisa hujjar cewa abin da mutum zai samu a awa ɗaya ba zai riƙe shi ba.

Mu kawo abin gida. Yaron da ya gama difloma a Kwalejin Ramat, ya nemi aiki har ya gaji, ranar Litinin ya taya wani sauke buhunan masara a Gamboru aka ba shi na abinci, a littafin hukuma wannan yaro mai aiki ne. Uwarsa da ke kallonsa kullum a ƙofar gida ba za ta yarda ba, amma haka lissafin yake.

Yanzu mu zo kan ainihin maganarmu, watau yadda aiki ya rabu tsakanin sassan ƙasa. A nan ne abin mamaki yake.

A wancan rahoto na ƙarshen 2020, jihar da ta fi kowace rashin aiki ita ce Imo, da kashi 56.6. Adamawa na biye da kashi 54.9. Maƙwabciyarmu Yobe ta haura kashi 52, mu kuma nan Barno muna wajen kashi 43. Ikko tana da kashi 37, Kano wajen kashi 25. Can ƙasa kuwa akwai Osun da kashi 11.7, sai Binuwai, sai Zamfara da kashi 13.

Ku tsaya ku ji da kyau. Zamfara kashi 13, Ikko kashi 37. In da za a bi wannan kawai, sai a ce mutumin Ikko ya tattara ya nufi Gusau neman aiki. To a cikinmu akwai wanda ya taɓa ganin haka? Mu dai abin da muka sani, motocin da ke tashi daga Gusau da Sakkwato da Kano su ne ke cika da samari zuwa Agege da Mile 12. Hukumar nan da kanta ta yi wani binciken na yanayin rayuwa a 2018 zuwa 2019, ta ce masu fama da talauci a Ikko kashi 4.5 ne, a Zamfara wajen kashi 74, a Sakkwato kuwa sun kusa kashi 88. Ashe ke nan inda aka ce aiki ya fi yawa, nan talauci ya fi yawa.

Da aka koma sabon awo ma zancen bai canza ba. A rahoton shekarar 2023 gaba ɗaya, rashin aiki a ƙasa kashi 5.4 ne. Abiya ce kan gaba da kashi 18.7, sai Abuja da kashi 14.1, sai Ribas da kashi 13.4. Nasarawa ce ƙarshe, ko kashi 1 ba ta kai ba. In aka duba yawan waɗanda ke aiki cikin mutanen da suka isa aiki, Bauci ce ta ɗaya da kashi 88.4, Ribas mai man fetur ita ce ta ƙarshe da kashi 55.7. Birane sun fi ƙauyuka rashin aiki. Wani abin kuma, waɗanda suka wuce sakandare su ne suka fi rashin aiki, sun haura kashi 9, alhali waɗanda ba su taɓa shiga aji ba wajen kashi 3 ne.

Kada wani ya ji wannan ya ce ga shi nan, mun faɗa, boko ba shi da amfani. Ba haka ba ne. Fassarar ita ce, zama a ce ana neman aiki, shi ma sai mai hali. Wanda ke da ɗan'uwa mai albashi da zai ciyar da shi, shi ne zai iya wata shida yana yawo da takardu daga ofis zuwa ofis. Talaka kuwa ba shi da wannan sararin. In gari ya waye bai fita ba, tukunya ba za ta hau wuta ba. Dole ya tura kura, ko ya ɗauki faranti, ko ya yi yankan farce, ko ya ari keke na rabin yini. Saboda haka in kun ga jiha da ƙaramin adadin marasa aiki, sau da yawa ba wadata ake nuna muku ba, ana nuna muku mutanen da ba su da halin zama ne.

Adadin da ya kamata mu riƙe shi ne wannan. Cikin masu aiki a 2023, kashi 87 aikin kansu suke yi, kashi 13 ne kawai ke karɓar albashi ko lada daga wani. Fiye da kashi 92 suna cikin ayyukan da ba su da rajista, ba takardar ɗauka, ba fansho, ba hutun ciwo. Jihar da ta fi yawan irin waɗannan ma'aikata ita ce Kano, Ikko na biye. To a nan ne rabon gaskiya yake. Kowa na motsi, Kudu da Arewa, amma aikin da ke da albashi a ƙarshen wata ya taru ne inda tashar jiragen ruwa da bankuna da manyan kamfanoni da ma'aikatun tarayya suke. Lokacin da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, mutum nawa ne a wannan zaure abin ya shafa? Ku ɗaga hannu mu gani. To kun ga. Amma cire tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayu, 2023 bai bar kowa ba, har mai shayi da mai faci.

Mu dawo Barno. Abu na farko da za mu sani shi ne, ƙidayar jiharmu ba ta da sauƙi. A wancan binciken talauci na 2018 zuwa 2019, an fitar da Barno daga jimillar ƙasa, domin ma'aikata ba su iya shiga wurare da yawa ba saboda rashin tsaro. Shi kuma sabon binciken masu aiki, gidaje 35,520 ake ziyarta a faɗin ƙasa cikin shekara. In aka raba wa jihohi 36 da Abuja, kowace ta tashi da gida 960. Gida 960 ne za su yi magana da yawun ƙananan hukumomi 27 na Barno, daga Biu har Abadam. Ba laifi ba ne, haka ake irin wannan bincike, kamar mai sayen shinkafa ne da ke sa ɗan ƙarfe ya ɗebo kaɗan daga buhu. Amma fa tun 2006 rabon da a yi ƙidayar jama'a a ƙasar nan, kuma duk mun san irin ƙaurar da aka yi a Barno tun daga 2009.

Abu na biyu, lissafi ba ya ganin irin asarar da muka yi. Iyayenmu sun zo garin nan ne saboda hanya da kasuwa. Wasu sun yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Makka ta Chadi da Sudan, wasu karatu ya kawo su, wasu fatauci, wasu kuma jirgin ƙasa da ya iso Maiduguri a 1964. Abincinmu yana ɗaure da hanyoyi: kifin Baga, shanun da ke shigowa ta Gamboru Ngala, kayan da ke fita ta Banki zuwa Kamaru, barkonon Difa, shinkafar fadamar Jere. Da rikici ya toshe waɗannan hanyoyi shekara da shekaru, mutumin da ke loda mota guda ta bandar kifi zuwa Onitsha ya koma sayar da kashi-kashi a bakin titi. A littafin hukuma, da can mai aiki ne, yanzu ma mai aiki ne. Babu layin da aka rubuta cewa jarinsa ya narke.

Ku ƙara da hana acaba a 2011, wanda ya sauke dubban samari daga kan babur. Ku ƙara da ɗaukewar wutar lantarki daga watan Janairu na 2021, bayan an fasa turakun layin Damaturu, abin da ya durƙusar da masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara na tsawon lokaci. Ku ƙara da gobarar Kasuwar Monday ta ranar 26 ga Fabrairu, 2023, da ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta shiga Gwange da Gamboru da kasuwar kanta. Ba kuma za mu manta da manoman shinkafa na Zabarmari da aka kashe a Koshebe ranar 28 ga Nuwamba, 2020 ba, mutum 43 aka yi wa jana'iza a rana guda. Allah Ya jiƙansu. Su ma a kan aiki suke, neman abinci ya kai su. Wannan shi ne irin aikin da adadin ke ƙirgawa.

Abu na uku ya shafe mu kai tsaye, mu da ake kira baƙi ko da an haife mu a nan. Mai binciken hukuma in ya shigo gidanka a Hausari, ba ya tambayar inda kakanka ya fito kafin ya sa ka a lissafi. Inda kake kwana, nan ake ƙirga ka. Saboda haka guminmu da rashin aikinmu duk a layin Barno suke. Amma ranar da aka buɗe ɗaukar aikin soja, ko 'yan sanda, ko kwastan, ko wata ma'aikatar tarayya, ba a tambayar inda kake kwana. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ake nema. Wannan ya samo tushe daga tsarin raba daidai da ke sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulki na 1999, da hukumar da aka kafa domin haka a 1996. Manufar mai kyau ce, kada wani yanki ya kwashe komai, kuma Arewa ta amfana da ita ƙwarai. Sai dai yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, wani lokaci sai ya faɗa tsakani. A nan a ce masa ya je garin kakansa, ya je Kazaure ko Funtuwa ko Ƙaura, can kuma dagaci ya ce bai san shi ba. Ga shi a ƙidaya yana nan, a rabo kuma ba ya ko'ina.

Ba muna faɗin haka don mu zargi masu masaukinmu ba. Mun zauna da Kanuri da Shuwa da Babur da Margi shekaru aru-aru, mun yi auratayya, mun sha wuya tare, su ma 'ya'yansu na zaune da takardu ba aiki. Matsalar ta ƙasa ce baki ɗaya. Ɗan Barno da aka haifa a Kano ko Jos ko Ikko shi ma yana gamuwa da irinta. Kundin nan dai, a sashe na 41 da na 42, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, ya kuma hana nuna masa bambanci saboda asalinsa. Magana ce da za a bi ta hannun shugabanni cikin ladabi da hujja, ba da hayaniya ba. Hujja kuwa ita ce adadi, mu kuma ba mu da shi.

Wannan ya kawo mu ga shawarwarin kwamiti, guda huɗu.

Na ɗaya, in ma'aikatan ƙididdiga sun zo da katin shaidarsu ta hannun bulama ko mai unguwa, mu karɓe su, mu faɗi gaskiya. Ba masu haraji ba ne, ba kuma masu rabon tallafi ba ne. Wasunmu kan ce ba su da komai don suna zaton za a kawo shinkafa, wasu kuma kan ɓoye halin da suke ciki don kunya. Duka biyun ɓata lissafi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In awa biyar ka yi a mako, ka ce biyar, ka kuma ce kana son ƙari, domin akwai layin da ake rubuta hakan.

Na biyu, magidanta, don Allah mu daina cewa matanmu ba sa aiki. Matar da ke ɗinkin hula, ko suyar awara, ko ƙuli-ƙuli, ko kitso, ko saƙa, ko haɗa turaren wuta tana sayarwa daga cikin gida, ma'aikaciya ce. Sau nawa kuɗin adashinta ya biya kuɗin makaranta? In an zo tambaya, a bar ta ta amsa da bakinta, ko da daga bayan labule ne. Wanda ba a rubuta sana'arsa ba, ba za a tuna da shi ba ranar rabon jari.

Na uku, ƙungiya ta buɗe nata littafin. Kowace unguwa, Hausari da Gwange da Bulabulin da Bolori da sauransu, a samu samari biyu masu ilmi su bi gida-gida. A rubuta wa ke da sana'a, wace iri, kwana nawa yake samu a mako, wa ya gama makaranta yana zaune, wa ke da takardar asali, wa ba shi da ita. Ba awa ɗaya za mu tambaya ba. Tambayarmu ita ce: abin da kake yi yana ciyar da gidanka? Da wannan littafi za mu iya zuwa gaban kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa mu ajiye takarda a kan tebur. Da shi kuma za mu san yaran da ya kamata iyayensu su kai su garuruwan kakanni tun yanzu, a san su, a gaisa da dangi, a yi musu takarda kafin ranar buƙata.

Na huɗu, tunda a 2023 kashi 13 ne kawai cikin masu aiki ke da albashi a ƙasar gaba ɗaya, kada mu yaudari yaranmu cewa takarda kaɗai za ta kai su ofis. Kada kuma mu cire su daga makaranta saboda haka, domin wannan 'yar ƙofar ta albashi ba ta buɗuwa sai ga mai takarda, kuma ko kasuwar ma yau tana son mai iya lissafi da waya. A haɗa biyun. Da safe aji, da yamma wurin tela ko kafinta ko mai gyaran sola ko bakanike. Ku kuma iyayen gida na kasuwa, mu dawo da al'adar yaye yaro. In ya yi maka shekara biyar ko shida, ka ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, kamar yadda aka yi wa da yawa daga cikin dattawan da ke zaune a nan gaba. Yaron shago mai shekara 35 ba abin alfahari ba ne ga maigidansa.

Jama'a, a taƙaice, in kun sake jin an ce rashin aiki kashi 4 ne ko 5, kada ku yi fushi, kada kuma ku yi murna. Ku tambaya: aiki wane iri, awa nawa, nawa ake samu, kuma a wace jiha? Hukuma ta auna abin da ta ce za ta auna. Sauran awon namu ne, kuma ba wanda zai zo daga Abuja ya yi mana shi.

Kwamiti na roƙon shugaba ya ba da dama a tsayar da masu bin gidaje tun yau, kafin a watse. Waɗanda ke da niyya su ga sakatare bayan addu'a. Littattafan rubutu da biro, 'yan kwamiti sun ɗauki nauyinsu.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure, dattawa su gyara mana. Allah Ya zaunar da Barno da Nijeriya lafiya, Ya sa albarka a neman kowa.